Cocin Malam Iliya Ya Cika

Shekara bakwai ke nan da 'yan bindiga suka sauke Malam Iliya daga kan babur a hanyar Moriki, suka shige daji da shi. Har yau ba mu ga gawarsa ba.

Ni Musulmi ne, direba, ina jigilar fasinja tsakanin Ƙaura, Zurmi da Shinkafi. Shi kuwa Kirista ne, mai bishara a wani ƙaramin coci kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa a Ƙaura Namoda. Katanga ɗaya ta raba gidajen iyayenmu, tare muka tashi, kuma addini bai taɓa shiga tsakaninmu ba.

Cocin nasa ɗaki ne mai rufin kwano. Idan na wuce ranar Lahadi, nakan hango shi yana wa'azi ga tsofaffin ma'aikatan jirgi da matansu, rabin wurin babu kowa. Sai in tsokane shi in ce, “Malam, yau ma benci ka yi wa wa'azi?” Ya yi dariya ya ce, “Bari dai, Sani. Roƙona ga Allah in ga ranar da za a rasa wurin zama.”

Akwai wani ƙauye gaba da Moriki inda wasu gidajen Kiristoci manoma suke, ba su da mai yi musu sujada sai shi. Da hanya ta lalace, matarsa Saratu ta roƙe shi ya daina zuwa. Ranar da abin ya faru, aiko masa aka yi cewa wani tsoho na kan gargara, yana son a yi masa addu'a. Saratu ta tsaya a bakin ƙofa. Ya ce mata, “In ban tahi ba, wa zai tahi?”

Abin da ya biyo baya, daga bakin Malam Garba muka ji shi, wani ɗan kasuwar hatsi da aka kama su tare, aka sako shi daga baya. Ya ce an ƙwace musu takalma aka kora su cikin ƙaya. Iliya na da ciwon suga, ƙafafunsa suka kumbura suka fashe. Da mutanen suka gane mai wa'azi ne, sai suka mai da shi abin wasa. Su sa shi waƙar coci suna tafi suna dariya, in muryarsa ta sarƙe su ɗora masa gindin bindiga a baya. Ranar da ya kasa tashi, babbansu ya ce ba zai ɓata harsashi a kansa ba. Suka ɗaure shi a jikin wata bishiyar ƙirya, suka kora sauran gaba. Garba ya ce, “Muna tahiya muna jin shi yana kiran ruwa, har muka daina ji.”

Yau cocin ya cika. An rushe tsohon ɗakin an gina babba, an kafa rumfa a waje, duk da haka wasu a tsaye suke sujada. Sabon fasto, matashi ne daga nesa, yana faɗa ta lasifika cewa Allah ya ba su ƙaruwa. Ban ce ƙarya yake yi ba. Ganga da jita sun jawo matasa, tsoro kuma ya dawo da waɗanda suka daɗe da barin addu'a. Amma ni na san yawancin fuskokin nan, domin a motata suka shigo gari, da tabarmi da tukwane a cinya. Akwai mutanen ƙauyen nan da yake zuwa, wanda aka ƙone bayan an tafi da shi. Akwai na wajen Shinkafi da ƙananan coci-cocinsu suka zama kufai. Akwai matan da aka kashe wa maza, waɗanda ƙungiyar zumuntar matan coci ta ba tuwo da wurin kwana. Akwai sojoji da 'yan sandan da aka turo mana. Mu ma haka sahunmu ya ƙaru a masallatan gari, da mutanen da suka baro gero a gona ba su girbe ba.

Nakan tambayi kaina me Iliya zai ce da ya leƙo. Zai ce an amsa roƙonsa? Na san shi. Ina jin zai bi benci benci yana tambayar kowa ina babansa, ina ƙanensa, kuma ba zai iya hawa ya yi wa'azi ba.

Da za a faɗaɗa ginin, ɗakuna biyun da Saratu ke ciki da 'ya'yanta ne suka tare wuri. Dattawan coci suka je suka ce, “Mama, aikin Ubangiji ne, ki yi haƙuri.” Ni na kwashe mata kaya zuwa bayan kasuwa. Ta nemi a yi wa mijinta sujadar jana'iza, suka ce ba a ga gawa ba, a ƙara jira. Ranar buɗe sabon ginin an gode wa wanda ya ba da siminti da wanda ya ba da fanka. Sunan Iliya bai fito ba. Mafi yawan waɗanda suka yi tafi ran nan ba su san an taɓa yin sa ba.

To me ya rage nasa? Babu kabari, babu suna a bango. Sai Saratu. Duk shekara in lokacin ya zagayo, takan zo tasha ta shiga gaban motata, ba don tana da inda za ta ba. Idan muka iso wurin da aka sauke shi, sai in rage gudu. Ta dubi dajin ta ce mini, “Baban Hauwa, ta nan suka shiga da shi?” In ce ta nan ne. Bana ta ɗora hannu a kan marfin ƙofa kamar za ta buɗe. Wani fasinja daga baya ya daka mini tsawa: “Direba, kashe mu za ka yi? Wurin ga ba a tsayawa!”

Gaskiyarsa ce. Na taka mota muka wuce.