Bunsurun da Aka Yi wa Wanka

Jar akuyata ita kaɗai ta rage daga garken da mahaifiyata ta bari a Jiratawa. Ta fara tsufa, haihuwarta duk maza, kuma ina tsoron irin ya ƙare a hannuna. Na matsa wa maigidana, sai ya sayo bunsuru a Tibiri, ja wur, kyakkyawa, mai gemu har ƙirji.

Matsalar ita ce maigidan nawa turare yake sayarwa, kuma hancinsa ya fi shi iko a gida. Da ya ga bunsurun yana tsula fitsari a gemunsa yana ɗage leɓe sama, sai da ya yi salati.

"Hajiya, mi ke nan? A tsakiyar unguwar Zariya, ina da baƙi daga Kano?"

Na ce, "Alhaji, kwalliyarsa ke nan. Da ita yake zance."

Bai saurare ni ba. Kowace Juma'a a wanke bunsuru da sabulu, a taje gemu, a fesa masa turaren da ni kaina sai da salla nake gani. Bawan Allah ya koma ƙamshi kamar ango. Ya matso kusa da akuya yana ɓeɓɓeɓe, ta shinshina shi, ta yi atishawa, ta koma kan dusarta. Haushi ya ishe ni, har kuka na yi a madafa.

Ran da Alhaji ya tafi Kano, na rungumi akuyata a bayan babur ɗin kabu-kabu sai Jiratawa, gidan ƙanwar mahaifiyata. Bunsurunta mummuna ne, ƙaho ɗaya, warinsa na tarar mutum tun daga bakin hanya. Ba mu sauka ba akuyata ta fara kaɗa bindi tana kuka. Ko kunyata ba ta ji ba.

Bayan wata biyar ta haifi mace, ja kamar uwarta. Na zauna a turke na daɗe ina kallonta, ina tuna mahaifiyata.

Alhaji kuwa ya cika gari da labari, wai tsafta ce ta yi aiki. Yanzu kyauta yake ba da aron bunsurunsa har Sabon Gari, da sharaɗin a riƙa yi masa wanka. Mata kan dawo da shi bayan wata guda, fuska a murtuke. Ni ke raka su ƙofa, in rage murya, in kwatanta musu hanyar Jiratawa.