Kosal da Ranar Sa'ar Maigidansa

Duk wanda ya yi aikin gona a Miryang ya san Kosal, ɗan Kambodiyar nan mai tafiya a duƙe kamar yana neman allura. Tsinkar ganye ce ta lanƙwasa shi, irin ganyen da ake naɗe gasasshen nama da shi. A rumfar leda yake wuni, zafi ya dafa shi, sanyi ya tsattsaga masa yatsu.

Gonar Tsoho Namgung ya sauka tun zuwansa Koriya, kuma bai taɓa motsawa ba. Abokan zuwansa sun yi ta magiya har iyayen gidansu suka sake su, suka koma masana'antu. Visal, ɗan ƙauyensu, ba ya gajiya da tsokanarsa: "Yaya, wai tsohon nan aurenka ya yi ne?" Kosal sai dai ya yi murmushi, don ya san abin da ya taka. In maigida ya nema maka dawowa kafin ranar da ofishin kula da baƙin ma'aikata ya yanka, ka je gida ka huta, ka komo kan aikinka. Shi kuwa ya kai arba'in, shekarun da ba a ɗaukar mutum sabo. Ga 'yarsa Malis ta shiga makarantar koyon jinya, da guminsa take karatu. Ba shi da wata ƙofa sai hatimin tsohon.

Tsohon kuwa ba mugu ba ne, abin takaicin ke nan. "Ɗana" yake kiransa, ya zuba masa giyar shinkafa da hannunsa. Sai dai ko randa ba ya sauya wa wuri sai ranar da kalandar wata ta ce miyagun iskoki sun hau sama, balle ya buga hatimi. Suka tsayar da rana mai kyau ta zuwa ofis. Ana gobe za su, maƙwabcinsa ya mutu. Tsoho ya je gaisuwa, ya dawo ya ce wanda ya shiga gidan makoki ba ya ƙulla abin alheri, a jira wata ranar.

Kosal ya duba, ya ga wata ranar tana bayan wa'adin ofis. Ya sunkuyar da kai ya faɗa masa, a hankali, yadda ake yi wa babba magana.

"Haba ɗana! Yaran ofishin nan duk na yi jika da su. Ba dai ni da kaina zan je ba?"

Mutumin da zamanka a ƙasa ke hannunsa, ina kai ina ja-in-ja da shi? Kosal ya koma rumfa.

Ranar sa'a ta zo, tsoho ya sha kwat da hula. Yarinyar ofis ta miƙe, ta rusuna masa har sau biyu, ta ba shi haƙuri, ta ce lokaci ya wuce, ba abin da za ta iya. Ya yi faɗa, ya buga tebur, ya ambaci shekarunsa. Ta sake rusunawa. A hanyar komawa tsoho na tuƙi yana share ido da bayan hannu.

Da bizar Kosal ta ƙare, tsohon da kansa ya kai shi tasha, ya sa shi a motar filin jirgi. Kosal ya sauka a gari na gaba. Visal ya haɗa shi da wani mai kiwon kifi can bakin teku, wanda ba ya tambayar takarda. Tun daga nan ba ya shiga kasuwa, ba ya zuwa asibiti, in ya hango baƙuwar mota sai ya faɗa bayan taru.

A waya ya kalli bikin gama karatun Malis, tana sanye da farar riga. Ta ce, "Baba, to yanzu yaushe za ka zo?"

Ya ƙura wa wayar ido. Ga ƙannenta biyu a bayanta suna ɗaga masa hannu, da rigunan makaranta.

"Kada ki yi fatan ganina, 'yata. Ranar da kika gan ni, kamo ni aka yi."