Kwanciyar da Na Yi Don Tara Ƙarfin Gayya

Shekarun baya, ina saurayi a Kankara, mahaifin yarinyar da nake nema ya kira gayyar noma a gonarsa ta Mabai. Kowa ya san a irin wannan rana ake auna mai neman aure.

Saura sati biyu sai fartanya ta sare ni a ƙafa. Cikin kwana huɗu ciwon ya kame, amma sai wata dabara ta zo mani: in ci gaba da kwanciya, in tara ƙarfi kamar yadda ake tara hatsi a rumbu. Mahaifiyata kuwa abin nema ya samu. Fura da safe, tuwo da rana, ko buta ba ta bari in ɗauka.

Wani abokina ya leƙo ya ce, "Kai, mi kake yi kwance har yau? Tashi ka ɗan taka."

Na ce masa ranar gayya zai ga aiki.

Ya kuwa gani. Tun a hanya na ji wandona ya matse ni a ciki, cinyoyina kuma kamar ba nawa ba. Aka jera, kowa da kunyarsa, aka fara. Ban kai rabi ba zuciyata ta hau bugawa, idona na ganin duhu-duhu. Samarin da nake wucewa a da suka kai ƙarshe suka juyo, ni ina tsaye na dogara da ƙotar fartanya.

Sai ga dattijon da kansa, mai furfura. Ya karɓi fartanyar a hankali ya ce, "Zamna inuwa, ɗana. Ka ji da ruwan sha." Ya ƙarasa mani kunyata a gaban kowa. Da zagina ya yi da ya fi mani sauƙi.

Daga baya wani ma'aikacin asibiti ya gaya mani cewa naman jiki ba ya ajiyuwa. In ka daina morarsa, ko kana matashi, cikin 'yan kwanaki yake fara zubewa, abincin kuma ya tafi tumbi. Sai da na yi fiye da wata kafin na dawo daidai.

Duk da haka an ba ni yarinyar, 'ya'yanmu huɗu yanzu. Na yi wa gonar nan noma ya fi sau goma, na gaji da nuna cewa na iya. Amma har yau in na isa Mabai da damina, kafin in gama gaisuwa surukina ya sa an shimfiɗa mani tabarma a gindin bishiya.