Sunan da Baba ba ya kira

An daɗe da yin abin, kuma ban rubuta komai a lokacin ba, don haka mai yiwuwa na haɗa wata rana da wata. Ina dai zaton da kaka ne, don ana shigo da damman gero gida lokacin da na dawo Batsari daga hidimar ƙasa.

Na taso ina jin ni ne ɗan fari. Inna ba ta kiran sunana, sai dai ta ce "wancan", kamar yadda iyaye ke jin kunyar na fari a wajenmu. Baba kuwa kirana yake yi da ƙarfi, har ya zaunar da ni a tabarmarsa a gaban baƙi. Na ɗauka ƙauna ce ta rinjayi kunya, kuma da wannan nake taƙama.

Kwana uku da dawowata, ya ce in hau babur in je Safana, in nemi wani tela a bakin kasuwa, in ce masa ana kiransa a gida.

"Baba, yaya sunansa?"

Ya juya yana kallon rumbu. "Ka dai je. In ka gan shi za ka gane."

Na gane kuwa. Goshin Baba ne, har da yadda yake karkata kai in yana sauraro. Da na goyo shi, ya ba ni labarin a hanya: Baba ya yi koyarwa a Safana da ƙuruciyarsa, ya auri mahaifiyar telan, suka rabu cikin fushi tana da ciki, bai sake waiwayarsu ba.

"Malam, rage gudu mana," in ji shi. "Duk daɗewar nan da na yi ina jira, kada ka zubar da ni a kwalbati."

Ban yi dariya ba.

Da muka isa gida, Baba ya amsa gaisuwar telan yana kallon ƙasa, ya ce, "Ka yafe mini." Telan ya ce ya yafe tuntuni. Inna ta kawo fura ba tare da tambaya ba. Ashe ta sani.

Sati guda ya yi a gidanmu, in ban yi kuskure ba. Baba bai kira sunansa ko sau ɗaya ba, sai "ku ba wancan ruwa". Ni kuwa ya ci gaba da ƙwala mini kira kamar kullum, kowane kira yana tuna mini cewa ba ni ne ake jin kunya ba. Na nuna wa Baba takardar digirina, ya yaba a gaban kowa. Telan ya ɗinka masa riga, Baba bai ce komai ba, amma ita ya sa ranar Juma'a. Da ana musaya, da na ba da takardar don in samu wannan shirun. Duk satin "Malam" nake ce wa baƙon, da gangan.

Ranar komawa Baba ya ce mini, "Kai yayanka gida."

Na daɗe ina goge kujerar babur da ba ta da ƙura, kafin na ce, "Yaya, hau mu tafi." Ban tabbata ya fito daga zuciyata ba, amma ban sake ce masa Malam ba.

'Yan gidanmu da suka ga wannan, ina roƙon ku gyara mini inda na kauce. Musamman in wani ya taɓa jin Baba ya kira sunansa, don Allah ya sanar da ni.