Baba Tanko da Tirelarsa ta Cikin Safa

Ku da muka yi aiki tare a kamfanin fata na Challawa, wa zai manta Baba Tanko? Ana buga ƙararrawar hutun rana kowa ya nufi wajen mai shinkafa da wake, shi kuwa sai ya wanke hannu har gwiwa, ya zaro na'urar gem ta hannu daga cikin tsohuwar safa, ya ce, "Bismillahi, a ba direba hanya!" Dattijo ne fa da furfurarsa, makaniken injina shekara da shekaru, amma gem ɗaya ya sani a duniya, na tuƙin tirela. Tun yana saurayi yake son zama direba, Allah bai yi ba. Shi ne ya rantse mana sai ya kai duk lodin da ke cikin gem ɗin nan har na ƙarshe, kuma da gem na asali, wanda ya saya da guminsa.

To masu gem ɗin sun sa masa tsaro don kada a yi kwafinsa. Lokaci-lokaci sai ya hau intanet an tabbatar ba na sata ba ne, sannan ya buɗe. Mu kuwa a kamfani babu sabis sai a saman tankin ruwa. Sai ka hango Baba can sama, riga na kaɗawa, waya a dama, na'ura a hagu.

Na ɗaga murya na ce, "Baba, me kuke yi a can?"

Ya ce, "Gaida iyayen gidansa yake! Ja'iri, ba ya fita aiki sai ya durƙusa musu."

Ran nan manaja ya hango shi. Ya tara mu ya ce mu yi koyi da Baba Tanko, mutumin da ke hawa duba tanki ko a lokacin hutunsa. Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Yallaɓai, kullum ina hawa, wannan kam gaskiya ne." Wallahi sai da na cusa hula a baki!

Da tausayin gwiwoyinsa ya ishe ni, na ce masa akwai Sagir mai gyaran waya a Sharada, zai sa masa wanda aka fasa tsaronsa, ba gaisuwa ba hawan tanki.

Ya kalle ni ta saman tabarau. "Wa ya fasa?"

"Wasu ne dai, Baba."

"Da izinin masu shi?"

"Haba Baba..."

"Kai Nasiru, ka raina ni. Da girmana in tuƙa motar sata?"

Wannan fa mutum ne da ko a gem sai ya kunna sigina kafin ya sha kwana, alhali titi ba kowa.

Amma babbar ita ce ta ranar mutum biyar. Gem ɗin don kwamfuta aka yi shi, ba don ƙaramar na'ura ba, don haka da tirela ta fara hawan tudu sai hoto ya dinga sarƙewa. Makanike kuwa ba ya ganin inji na tari ya ƙyale. Baba ya shiga saiti, canza wannan, gwada wancan. Ashe duk canjin da ya yi, gem ɗin ɗauka yake sabuwar na'ura ce. A na biyar ya kulle ƙam. Baba ya miƙo mini in karanta masa Turancin.

Na ce, "Wai yau an buɗe shi a na'ura biyar, sai dai gobe."

"Biyar? Innalillahi! Ni kaɗai ne fa!" Ya miƙe ya bi benci-benci yana tambaya, "Jama'a ku dube ni da kyau, ni mutum biyar ne?"

Mai shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "In a gaban kwano ne, Baba, har shida kun kai."

Saura lodi ɗaya tak ciwo ya kwantar da shi. Na je dubiya gidansa a Dakata, ya damƙa mini na'urar ya ce, "Ka kai mini shi. Ban da gudu." Kwana uku tsakani ya rasu.

Bayan sadakar bakwai na kunna, gem ya ce sai mai shi ya sa lambar sirrinsa. Ba wanda ya san ta, har Inna matarsa. Na tafi wajen Sagir, ya ce minti biyu ya ishe shi ya fasa tsaron. Har na miƙa masa, sai na ji hannuna ya ƙi saki. Na koma gida ina hawaye kamar ƙaramin yaro, don ban cika alƙawari ba, kuma na san da na cika shi ta wannan hanya Baba ba zai karɓa ba. Tirelar tana nan a tsaye da lodinta har yau.

Allah ya jiƙan Baba Tanko, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Ni ma, Baba, ku yafe mini.