Rajistar Ajin Malama Wehmeyer

Irmtraud Wehmeyer 'yar mai gyaran takalma ce, kuma duk wanda ya san uban ba zai yi mamakin 'yar ba. Mutum ne da in ka kai masa takalmi zai faɗa maka a gaban jama'a cewa tafiyarka ce a karkace. Haka ta tashi, ba ta iya kwana-kwana ba. A 1976 ta fara koyar da tarihi a sakandaren garinsu, can arewacin Jamus ta Yamma, inda masana'antar bulo ke ciyar da rabin gari.

Kowane aji yana da babbar rajista mai koren bango. In malami ya gama darasi sai ya rubuta abin da ya koyar, ya sa hannu. Tsofaffin hannu sun san kan abin, kalma ɗaya suke dangwarawa, "maimaici", su wuce shan kofi. Irmtraud kuwa sai ta cika layinta har ta gangara gefen takarda. Abin da ta faɗa wa yara shi take rubutawa, ba ragi.

"Traudel, rajista ce fa, ba wasiƙar soyayya ba," in ji Ekkehard Brandes, malamin ilimin zaman jama'a, wanda ke kiranta da wannan laƙabi. Tare suka yi jami'a, tare aka ɗauke su aiki, teburinsu ɗaya a ɗakin malamai, har burodin hantsi raba shi suke yi.

"Kai kuma biro ɗaya zai kai ka fansho, malalacin banza," ta ce.

Ekkehard ɗin nan shi ya kawo maganar. A 1978 ya ja ta bayan maƙabartar gari, ya nuna mata duwatsun kabari goma sha tara da ciyawa ta kusa haɗiyewa, ba suna a jikinsu sai lamba. Mutane ne da aka kwaso daga Poland lokacin yaƙin duniya na biyu, aka sa su aikin dole a masana'antar bulo har suka mutu. Kowa a garin ya sani, ba mai faɗa. Dangin da ke da masana'antar a wancan lokaci har yanzu su ke da ita, su ne kuma suka gina wa makarantar ɗakin motsa jiki.

"Mu kawo yara su gani," ya ce. "Ke ki ɗauki tarihin, ni in tambaye su me ya sa aka yi shiru. Har yaushe za a yi ta rufa-rufa?"

Mako shida suka yi da 'yan aji goma, kowane mako awa biyu nata, awa biyu nasa. Yara suka koma gida suka tsare kakanni da tambaya. Wata tsohuwa ta fashe da kuka, ta ce ita ce ke jefa wa mutanen dankali ta kan shinge. Wani tsoho ya kori jikarsa daga gidansa. Yaran suka tattara abin da suka ji don jaridar makaranta, Ekkehard da kansa ya juya injin gurza takardu, hannunsa duk tawada.

Jaridar ko wuni ba ta yi ba. Kafin a tashi shugaban makaranta ya bi aji-aji ya kwashe, ya kulle a kabad. Bayan mako biyu takarda ta zo, hukumar ilimi na neman malaman biyu. Zamani ne da ake tace malamai, wanda duk aka ji ƙanshin zafin ra'ayi a jikinsa sai a raba shi da allo, ga shi su biyun ba a riga an tabbatar da su a aiki ba. A jirgin ƙasa, a hanyar zuwa hukumar, Ekkehard ya dafa kafaɗarta. "Bakinmu ɗaya, kin ji? Tare muka yi."

Maza uku suka tarar a bayan tebur, da rajistar ajin a gabansu. Wani mai tabarau ya buɗe ya soma karanta layinta. "Aikin dole a masana'antar garinmu. Su wa suka amfana?" Layi goma sha biyu ya karanta, ba ta musa ko ɗaya ba. Me za ta musa, rubutun hannunta ne! Sannan ya ɗora yatsa a layin Ekkehard.

"Malam Brandes, nan na ga maimaici. Nan ma maimaici. Sau goma sha biyu. Haka ne?"

Har Irmtraud ta fara murmushi, tana jiran ya ce lalaci ne kawai irin na malamai.

"Abin da ke rubuce shi na koyar," ya ce, idonsa a kan tebur. "Na dai raka ta maƙabarta sau ɗaya, don yaran sun yi wa malami ɗaya yawa."

Kai, jama'a! Mutumin da kuka yi shekara goma kuna raba burodi! A hanyar dawowa ya shige wani tarago daban.

Ba wanda ya ce ta yi ƙarya, ko kusa. Cewa aka yi ta fita daga manhaja, kuma ba ta da kamun kan da ake bukata ga ma'aikacin gwamnati. Aka sallame ta tana 'yar shekara talatin da ɗaya. Ta kai ƙara, ta yi shekara huɗu tana zaryar kotu, ta faɗi. Sau ɗaya Ekkehard ya tare ta a kasuwar Asabar.

"Traudel, ki gane, matata na da ciki a lokacin."

"Na gane. Matsa, ka tare mini mai kabeji."

Ta kama aiki a kantin littattafai. Ba ta bar garin ba, ta ce ba ita ta yi abin kunya ba. Ta yi aure, auren ya mutu, ta koyi kiwon zuma. Amma abin da ke cin ranta bai daina ba. Aji take so, yara talatin a gabanta da alli a hannunta, kuma ba wanda ya isa ya yi mata maganar makaranta ba ta haɗe rai ba.

Sai zamani ya juya. Masana'anta ta rufe, maganar da aka kore ta a kanta ta koma abin alfahari, gari ya sa aka binciko sunayen mamatan aka sassaƙa a dutse. A 2008 ga Ekkehard a ƙofar gidanta da furanni, ya yi tumbi da furfura, shi ne yanzu shugaban makaranta.

"Na cuce ki, Traudel. Shekara talatin abin na damuna." Ya ce so yake ta zo ta tsaya gaban 'yan aji goma, awa biyu cur, ta ba su labarin yadda aka faro.

Ta so ta fatattake shi. Kash, ya riga ya ce aji! Ta amsa. Ta sayi sabuwar riga, ta yi kwana huɗu tana gwada darasin tana gyarawa, farin ciki kamar yarinya.

Ana gobe za ta je, da hantsi, ya bugo waya.

"Wani ɗan abu ne kawai. Ki aiko mini da abin da za ki faɗa a rubuce, in ɗan duba. Kin san halin iyaye. Maganar zamanmu a hukuma kuma, ba sai an shiga ba, ko? Yara ba za su fahimta ba. Ki tsaya a kan mamatan."



"Traudel? Kina ji na?"

"Na ji ka sarai, Malam Brandes," ta ce, ta ajiye wayar.

Washegari 'yan aji goma suka zauna jiran baƙuwa, sai aka gunguro musu talabijin aka sa musu fim. Ita kuma tana kicin ɗinta sanye da sabuwar riga. Ta miƙe tsaye ta koyar da darasin daga farko har ƙarshe, da sunan Ekkehard a ciki, ba kowa a ɗakin sai ita.