Babbar Sallah a Gaban Inji

A shekarata ta biyu da fara aiki a Yamai na ƙudurta yin babbar Sallah a gida, Damagaram, inda na bar matata da ƴaƴana biyu wurin mahaifiyata. Ina da wata tsohuwar mota mai shan gazwal, wato dizal. Ana jibi Sallah na taso daga biro, wato ofis, a unguwar Filato, sai na ji ta yi sanyi. In na taka ta yi gurnani, ta zubo baƙin hayaƙi, amma ba ta ja. Ɗan fiton nan da turbo, abin da ke ƙara wa inji ƙarfi, ke yi ma ya ɗauke.

Washegari da safe na lallaɓa da ita wurin wani tsohon makanike a Yantala, Bazabarme mai Hausar kasuwa. Na tarar yana rufe garaji, ragonsa ɗaure a gindin bishiyar bedi.

"Baba, a taimaka, gida zan tafi," na ce.

"Malam, ni ma ƙauye za ni yanzu. Amma buɗe mu gani."

Ya leƙa, ya nuna mini wani ɗan gwangwani a jikin turbo, mai siririyar sandar ƙarfe.

"Wannan shi ke riƙe ƙofar hayaƙi. Sandar ta saki, ƙofa na buɗe, hayaƙin da zai juya turbo yana gudu ta baya. Ka rage tsawonta, juyi ɗaya, ka gwada. Kar ka yi zari. In ka ɗaure da yawa, inji zai kashe kansa."

Ya ara mini kile goma, wato sifana mai lamba goma, da famfon keke, ya ce in hura gwangwanin in ga ko sandar na motsi. Ya kwance ragonsa ya tafi.

A unguwar Talaje nake haya, gida mai ɗaki huɗu. Da na koma, ƙofofi uku duk da kwado. Maƙwabtana mutanen Maradi da Tawa sun riga sun kama hanya. Na hura gwangwanin, sandar ta motsa, na ji daɗi. Amma ƙusar da ke ɗaure ta tsatsa ta cinye, ta ƙi kwancewa. Na yi ta ɗiga mata mai har rana ta faɗi.

Ranar Sallah na sauko daga idi, na cire babbar rigata na rataye, na koma gaban inji. Ƙusar ta saki. Sai ɗan zoben ƙarfen da ke riƙe bakin sandar ya yi tsalle daga yatsuna ya faɗa cikin rairayi. Na ɗauko rariyar maƙwabciyata da ke rataye a bango, na durƙusa ina tankaɗe ƙasa. A waje kuwa an kafa raguna a kan sanduna kewaye da wuta, yadda ake yi a Yamai, ƙamshin na tsallako katanga.

Ina durƙushe matata ta kira.

"Malam, ka taso? Inna ta hana a taɓa hanta, wai sai ka zo."

"Ku ci. Ina nan tafe in ta yiwu."

Ta ce, "To, Allah ya kawo ka lafiya." Mu duka mun san hanyar yini guda ce cur, hutuna kuma jibi zai ƙare.

Na ga zoben. Na juya sandar sau ɗaya, na mayar, na fita gudron, wato kwalta, na gwada. Da sauƙi, amma motar ba ta dawo daidai ba. Abin da tsohon bai faɗa mini ba shi ne jira: turbo in ya yi zafi ba ya taɓuwa, sai ya huce. Kowane juyi sai na zauna a inuwar katanga kusan awa guda, ina jin dariyar mutane a titi cikin Zabarmancin da ban iya ba. A juyi na uku, bayan la'asar, na taka, fiton ya dawo, mota ta ja. Na juya gefena zan ce wani abu, kujerar ba kowa.

Na bi bakin kogi na dawo gida. Na dafa shinkafa da wake.

Kashegari, ranar rabon nama, wata dattijuwa daga gidan da ke kallon namu ta yi sallama da kwano a hannu. Maƙwabciyata take nema. Na nuna mata kwadon, na ce sun yi tafiya. Ta dubi ƙofofin, ta dubi baƙin man da bai fita daga farcena ba.

"Kai kaɗai?" ta tambaya da Hausa.

Na ce eh, Iya.

Ta miƙo mini kwanon. "Ba naka ba ne, ɗana. Amma ci."